Amsoshin Tambayoyinku: In Zama Lakcara a Fannin Tsara Filaye?

TAMBAYA: Na gama digirin farko a fannin zanen gine-gine, yanzu ina bautar ƙasa, saura 'yan watanni in kammala. Wani malamina ya ba ni shawarar in yi digiri na biyu a fannin tsara filaye da harabobi. Ya ce ana ƙarancin malamai a wannan ɓangare, in na dage zan iya samun gurbin koyarwa a jami'a. Da na faɗa wa mahaifina sai ya ce, shekara huɗu ina karatun gini, yanzu kuma zan koma shuka fulawa? Gaskiya ni ma ban san yadda aikin lakcara a wannan fanni yake ba. Me ake koyarwa, wace hanya ake bi, kuma aikin yana riƙe mutum? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya sa a gama bautar ƙasa lafiya. Bari mu fara da maganar Baba, don in ba a warware ta ba, sauran bayanin ba zai yi miki amfani a gida ba.

Baba bai faɗi abin mamaki ba. Abin da idonsa ya saba gani shi ne masu sayar da fulawa cikin baƙar leda a bakin titi, da yaron da ke aske ciyawa a gidan wani attajiri. In an ce masa 'yarsa za ta yi digiri na biyu a kan wannan, dole ya yi turus. Sai dai fulawa ita ce abu na ƙarshe da ake zuwa kansa a wannan sana'a, kuma sau da yawa ma ba a zuwa. Mai zanen gini yana kula da abin da ke cikin bango. Mai tsara fili yana kula da duk abin da ke tsakanin gini da gini: inda ruwan sama zai bi in ya sauko daga indararo, inda mai tafiya a ƙasa zai taka ba tare da ya yi karo da mai babur ba, inda fasinja zai samu inuwa a tasha, yadda za a tsara harabar makaranta, da kasuwa, da asibiti, da filin Idi, da gaɓar kogin da ke cinye gonaki kowace damina.

Ki ba Baba labarin lambun Al-Azhar na birnin Alƙahira. Wurin juji ne da aka yi kusan shekara 500 ana jibge masa shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta ɗauki nauyin gyara shi, aka kwashe ƙasar da ta lalace, aka gina manyan tankunan ruwan sha guda uku a ƙarƙashin tudun, aka tono wani dogon sashe na ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi da shara ta binne, sannan aka buɗe lambun mai faɗin hekta 30 a 2005. Wanda ya shiga yau itatuwa zai gani da ruwa na gudu. Aikin da ya ci shekaru kuwa na ƙasa ne da gishirin da ke cikinta da magudanan ruwa. Haka ma babban lambun tsakiyar birnin New York, wanda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana shi a 1858. Baƙo zai ɗauka dajin Allah ne aka kewaye, alhali fasa duwatsu aka yi, aka haƙa tafkuna, aka binne bututun tsane ruwa a ƙarƙashin fadamun wurin. Daga irin waɗannan ayyuka ne sana'ar ta samu gindin zama, har Jami'ar Harvard ta fara koyar da ita a 1900, aka kuma kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IFLA, a Kambirij ta Ingila a 1948.

In kuma Baba ya ce wannan duk na ƙasashen waje ne, ki tambaye shi kududdufin unguwarsu na da, yanzu me ke wurin. A tsofaffin biranenmu irin su Kano da Zariya da Katsina, ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne ke karɓar ruwan unguwa in an yi mamako, ya riƙe shi, ya bar shi ya nutse a hankali, rijiyoyin kewaye su amfana. Da aka cike su da shara aka yanka fulotai aka gina, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya rasa masauki ya shiga ɗakunan mutane. Wani farfesa a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin, Kongjian Yu, wanda ya rasu a 2025, ya yi suna a duniya ne da kiran a gina birane masu tsotse ruwa kamar soso maimakon masu kora shi ta kwalbatin siminti, kuma a 2015 gwamnatin ƙasarsa ta fara gwada tsarin a birane 16. Malamin jami'a ne a wannan fanni da kike tambaya a kai, kuma abin da ya yi ta koyarwa bai yi nisa da hikimar kududdufi ba.

To, mu koma kan aikin kansa. Kin yi karatun zanen gini, don haka situdiyo ba baƙon abu ba ne a wurinki, amma kin san shi ne daga kujerar ɗaliba. Daga ɗaya ɓangaren abin ya bambanta. Lakcaran tarihi ko na lissafi zai shiga aji ya yi awa biyu ya fita. Malamin situdiyo yakan wuni. Za ki zaɓi fili na gaske, ki rubuta abin da ake so a tsara a kansa, ki kwashi ɗalibai ku je ku taka shi, ku auna, ku yi magana da masu amfani da wurin. Daga nan sai makonni na bin teburi ɗaya bayan ɗaya, kina zama da kowane ɗalibi a kan zanensa. Abin ya fi kama da yadda tela ke koyar da yaron shagonsa fiye da lacca: ki duba, ki nuna inda ya karkace, ki sa a farke a sake. Wahalar ita ce riƙe hannunki. Za ki ga mafitar matsalar ƙarara, alƙalami na hannunki, kuma in kin zana masa kin cuce shi, don ranar da ya fita aiki ba kya wurin. Sai dai ki yi ta tambaya har ya gano da kansa. In ruwa ya sauko daga wannan tudun ina za shi? Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu wa zai zauna a wannan bencin? Wa zai yi ban-ruwan wannan shukar bayan an yanke kirtanin buɗe wuri kowa ya watse?

A ƙarshen zango sai juri, inda ɗalibi zai manna zanensa a bango ya kare shi a gaban malamai da baƙi daga waje. Kin sha wannan, kin san yadda gaba ke faɗuwa. Abin da zan ce miki a nan ra'ayina ne: akwai malaman da suka mai da juri wurin huce haushin abin da aka yi musu suna ɗalibai, su yaga aikin yaro da baki a gaban abokansa, su kira wannan horo. Yaron da aka kunyata abu ɗaya yake koya, wato ya daina gwada sabon abu. Ana iya gaya wa ɗalibi cewa zanensa zai jawo ambaliya ba tare da an ce masa daƙiƙi ba.

Kwas ɗin da ya fi ba ɗalibai wuya, kuma wanda ake gane malamin ƙwarai da shi, shi ne na daidaita ƙasa da sarrafa ruwa. A nan ake koyon karanta layukan taswira masu nuna tudu da gangara, da sake zana su don ƙasa ta karkata inda ake so, da lissafin yawan ƙasar da za a yanka a nan a cike can don kada a sayi tifa ɗari a banza. Akwai ƙa'idoji da dole su zauna a ka. Daɓen waje yana bukatar ɗan karkata na kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari don ruwa kada ya kwanta. Gangarar da mai keken guragu zai hau kada ta wuce tashin mita 1 a cikin tsawon mita 12. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ke nan, don haka a gari irin Zariya da ke samun kusan milimita 1,000 a shekara, rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 100,000, yawancinsa cikin wata huɗu ko biyar. Ki sa ɗalibi ya yi wannan lissafin a kan unguwa guda da aka shafe da intalok da siminti, zai daina ganin ambaliya a matsayin tsautsayi kawai. Ki juya lissafin kuma ta ɗaya fuskar. In shimfiɗaɗɗiyar ciyawa tana bukatar, a ce, milimita 6 na ruwa a rana lokacin bazara, hekta ɗaya za ta sha lita 60,000 kullum. Sai ki tambayi wanda ya cika zanensa da koren fenti daga wace rijiyar burtsatse zai ɗebo wannan, a garin da mata ke bin layin famfo tun asuba.

Sai ilimin itatuwa, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin a nan ne nauyin aikin yake, a nan kuma damarki take. Yawancin littattafan da za ki tarar a laburare an rubuta su ne a Amurka da Ingila, don ƙasashen da matsalarsu sanyi ce da ƙanƙara, inda mutum ke neman rana ya zauna a cikinta. Mu inuwa muke nema. Su ruwa na sauka musu kaɗan-kaɗan kusan duk shekara, mu kuwa wata bakwai ba ɗigo, sannan ya zo da ƙarfinsa a lokaci ɗaya. Jerin itatuwan da ke cikin waɗannan littattafai kusan babu wanda zai rayu a Gusau. Malamin da ya kwafe su ya karanta wa ɗalibai ya cika awanninsa, amma bai koyar da komai ba.

Abin da za ki koyar dole ki tattaro shi da ƙafarki. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, kuma shi ya sa ya dace da wurin da ake son inuwa a lokacin zafi. Ceɗiya da durumi suna kamawa daga reshe in an dasa, inuwarsu ce ta raini majalisun ƙofar gida, amma saiwarsu ba ta jituwa da bango ko bututu in an matsa su kusa. Maɗaci ya yi layi a titunan tsofaffin unguwannin Turawa ya ba su kwarjini, sai dai masu neman magani suna saɓe masa ɓawo har ya mutu a tsaye, don haka wanda zai dasa shi a bakin hanya sai ya yi tunanin kariya. Darbejiya baƙuwa ce daga yankin Indiya da aka shigo da ita zamanin Turawa, ta karɓi ƙasar har Maiduguri ta yi suna da ita, amma ba dalili ba ne a ce duk gari itace ɗaya za a dogara da shi, don cuta ɗaya na iya kwashe su gaba ɗaya. Tsamiya tana da jinkirin girma, ga inuwa mai kauri ga daɗewa. Jema, ciyawar fadama, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gaɓar da ke zaizayewa. Ga kanya da marke da aduwa da kurna da ɗorawa, kowanne da irin ƙasar da yake so, wani jigawa wani laka. Ga gara, ga awaki masu yawo, ga mai neman itacen girki, waɗanda littafin Ingila bai san da zamansu ba, alhali su ne ke yanke hukuncin ko dashe zai kai shekara.

Wannan ilimin yana wurin tsofaffin ma'aikatan gandun daji, da manoma, da makiyaya, da masu renon dashe a bakin rafi. Kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta ta yadda mai zane zai buɗe ya ga faɗin inuwar itace bayan shekara goma, ko tazarar da ya kamata a bari tsakaninsa da gini. Malamin wannan fanni a ƙasarmu, in mai gaskiya ne, rabin aikinsa rubuta littafin da bai samu ba ne lokacin da yake ɗalibi.

Kwamfuta kuwa za ki koyar da ita, AutoCAD da SketchUp da kuma manhajojin taswira irin su QGIS, wadda kyauta ce, abin da ke da muhimmanci ga ɗaliban da kuɗin makaranta ma da ƙyar. Tushen aikin taswirar ya girmi kwamfutar tebur. Ian McHarg na Jami'ar Pennsylvania, a littafinsa Design with Nature na 1969, ya nuna yadda ake zana ƙasa da ruwa da gangara da tsirrai kowanne a takarda mai shara-shara, a ɗora su kan juna, a ga inda ya dace a yi gini da inda bai dace ba. Matsalar yau ita ce ɗalibi na iya fitar da hoto mai ɗaukar ido cikin dare ɗaya, da dogayen itatuwan kwakwa da ruwa mai sheƙi, ba tare da ya san ko filin tudu ne ko kwari ba. Maganinsa ki sa ya zana yankan filin a tsaye da hannu, ya rubuta tsawon kowane wuri. Nan take za ki san wanda ya fahimta.

Bayan wannan akwai aikin da ba a gaya wa mai neman shiga. Haɗa sakamakon jarrabawa, kula da ɗaliban aji guda da matsalolin rajistarsu, zagayen duba masu koyon aiki na SIWES, zaman kwamitoci, shirya takardu in hukumar kula da jami'o'i ta NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai. Sabon malami ake jibga wa mafi yawansu. Kuma tunda ke ce "mai itatuwa", duk lokacin da bikin yaye ɗalibai ya matso za a tuna da ke, a ce a ƙawata bakin ƙofa cikin mako biyu. Ki yi, amma ki nemi a riƙa kiranki tun ranar da ake shawarar inda za a kafa sabon gini, ba bayan an sare itatuwan wurin ba.

Hanyar shiga ba ta da ruɗani sosai. A Najeriya an daɗe ana koyar da fannin a matakin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas, kuma masu sana'ar suna da ƙungiyarsu, SLAN. A watan Disamba na 2022 NUC ta fito da sabon tsarin manhajar jami'o'i da ake kira CCMAS, wanda ya ware zanen gine-gine a matsayin babban fanni mai rassa, tsara filaye na ɗaya daga cikinsu da digirinsa na farko. Tsarin ya tsayar da kashi 70 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Malaminki ya yi gaskiya ke nan: duk jami'ar da ta buɗe wannan reshe za ta nemi malamai, kuma masu takardar ba su da yawa. Wancan kashi 30 ɗin kuma shi ne ƙofar da gawo da kududdufi za su shiga manhaja, in an samu wanda zai rubuta su. A wajen ƙasar nan, in dama ta samu, akwai Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, da Jami'ar Jomo Kenyatta a Kenya, da Sheffield a Ingila, da Wageningen a ƙasar Holan.

Akwai abu ɗaya da nake so ki bincika kafin ki cike fom. Hanyar da aka sani ta zama cikakkiyar mai zanen gini mai rajista da hukumar ARCON tana bi ne ta digiri na biyu a zanen gine-gine, sannan aiki a ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawa. In kin karkata zuwa tsara filaye kai tsaye, kin ɗauki wata hanya daban. Wasu sukan yi duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ki zauna da malamin nan naki da wani mai rajista ku yi maganar a fili, don kada bayan shekara biyar ki ce ba a gaya miki ba.

Matakan aikin kuwa ɗaya ne da na kowane sashe. Mai digiri ɗaya da sakamako mai kyau ana iya ɗaukarsa a matakin koyon aiki, mai digiri na biyu ya fara a mataimakin lakcara, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Galibi akan yi aƙalla shekara uku a kowane mataki, kuma a manyan matakan biyu na ƙarshe sai an aika rubuce-rubucen mutum ga farfesoshin wasu jami'o'i sun auna. A Amurka mutum na iya koyar da wannan fanni har ya yi nisa da digiri na biyu da ayyukan da ya gina. A nan ba haka ba ne. In ba digirin digirgir, tafiya takan tsaya kafin matakin babban lakcara. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa malaman jami'o'in gwamnati su ƙaro karatu, amma sai kin shiga aikin tukuna. Kuma tunda manya a fannin kaɗan ne, kada ki yi mamaki in masu duba kundinki sun fito daga sashen tsara birane ko labarin ƙasa ko gandun daji. Wannan ba aibi ba ne, sau da yawa ma ya fi faɗaɗa tunani.

Inda abin ke ciwo shi ne ma'aunin ƙarin girma. Maƙalar da aka buga a mujallar ilimi ita ake ƙirgawa. Ki tsara harabar asibiti da marasa lafiya za su yi shekara talatin suna shan inuwarta, a takardar ƙarin girma ba lalle ta kai nauyin maƙala ɗaya ba. Wannan ya tura mutane da yawa ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda, da kuma irin binciken nan na raba takardar tambayoyi a tambayi mutane ko suna son wurin shaƙatawa. Kowa na so, an gama bincike. Dabarar da na ga tana aiki ita ce mutum ya mai da aikin hannunsa abin rubutu: ki auna wurin kafin a taɓa shi, ki auna bayan an gama, ki koma bayan damina biyu ki ƙirga dashen da ya rayu da wanda ya mutu da dalili. Ma'aunin zafi mai araha, in kin ajiye shi ƙarƙashin tsamiya da ƙarƙashin rumfar kwano da kan kwalta tsawon bazara guda, zai ba ki alƙaluman da za a yi ta ambata, domin mutane kaɗan ne suka damu su tattara su a garuruwanmu.

Abin bincike kam ba ya ƙarewa a wannan yanki. Jiharki ta Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, da yadda ruwa ya mamaye Maiduguri, ta bar tambayoyi kan inda aka bari mutane suka yi gini a hanyar ruwa. Tsallaken iyaka kaɗan, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun dawo da itatuwa a gonakin da masu bincike suka kiyasta sun kai hekta miliyan 5, ba ta hanyar dashe ba, ta hanyar barin tohon kututture su zaɓi mai ƙarfi su rene shi, abin da suke kira sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa tun farkon shekarun 1980. Har yanzu masu tsara biranenmu ba su tambayi abin da wannan dabara za ta iya yi wa filayen makarantu da gefen titunan bayan gari ba.

Kin tambaya ko aikin yana riƙe mutum. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Albashin ƙaramin lakcara a jami'ar gwamnati yana biyan bukatar yau da kullum da ƙyar, kuma abokan karatunki da suka shiga kamfanonin gini a Abuja za su riga ki sayen mota. Yajin aiki ma wani abu ne da za ki sa a lissafi. Na ƙungiyar ASUU a 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, kuma an riƙe albashin malamai a lokacin. A ɗaya hannun akwai tabbacin aiki, da damar ƙaro karatu, da hutun bincike, da tsawon shekarun aiki, don malami na ritaya a shekara 65, farfesa kuma a 70. Sannan fannin yana ba da damar aikin ba da shawara ga masu gina rukunin gidaje da makarantu da hukumomi, wanda ke cike giɓin aljihu, ya kuma kawo misalai na gaske cikin aji. Kongjian Yu ɗin nan da na ambata, lokacin da yake raye, ya kasance yana koyarwa yana kuma tafiyar da kamfaninsa, Turenscape. Haɗarin shi ne kwangila ta yi daɗi har situdiyo ya zama wurin leƙawa sau ɗaya a wata. Ɗalibai sun san irin waɗannan malamai, ke ma na tabbata kin san su.

Shawarata, in har zuciyarki ta karkata, ki shiga. Amma kada ki tashi daga kujerar ɗaliba ki faɗa ta malama ba tare da ƙura ta taɓa ki ba. Gani ya kori ji, kuma ɗalibai na gane malamin da bai taɓa tsayawa a kan lebura yana haƙa magudana ba tun a makon farko. Ko kafin digiri na biyun ko a tsakiyarsa, ki nemi shekara ɗaya ko biyu tare da masu aikin a fili. Ki ga yadda safiyo ke kafa na'urarsa, yadda ɗan kwangila ke rage zurfin ramin dashe in ba a tsaye a kansa, nawa ake sayar da tifar baƙar ƙasa, wane wata ne dashe ke kamawa ba tare da tankar ruwa ba. A matsayinki na mace za ki haɗu da magina da za su fara kallonki a matsayin baƙuwa a wurin, kuma abin da ke sauya wannan da sauri shi ne su ga kin ɗauki igiyar awo kin gano kuskuren da suka yi.

Tun yanzu ma akwai abin da za ki fara ba tare da jiran kowa ba. Ki zaɓi fili ɗaya kusa da inda kike bautar ƙasa, harabar firamare ko bakin kasuwa ko wani kwazazzabo da ke cin hanya. Ki auna shi, ki zana shi yadda yake, ki rubuta sunan kowane itace da ke ciki da Hausa da kuma sunansa na kimiyya. Ki je da safe, ki je da azahar, ki je washegarin ruwan sama ki ga inda ya kwanta da inda ya yi gudu. Ki tambayi masu zama a wurin abin da ya fi damunsu. Sannan ki zana gyaran da kike ganin ya dace, da kiyasin kuɗinsa, da bayanin wanda zai kula da shi bayan an gama. Ki haɗa wannan da mafi kyawun zanukanki na digirin farko a fayil ɗaya, ki tafi da shi ranar ganawar neman gurbin karatu, ki kuma ajiye kwafi don ranar da za a kira ki ganawar ɗaukar aiki.